Ina Kwantarafin Fadamarmu?

Zuwa ga Edita. Wannan mako maganar namun fadama na kawo wa jama'a.

Ran Lahadi, da ba na zuwa ofis, na fita bayan garin Yashe na bi fadama tun hantsi har azahar. Abin da idona ya gani, balbela ce, da zalɓe guda, da sawun gafiya. Na iske wani dattijo yana ban ruwan albasa, na ce, "Baba, ina kwantarafi?" Ya yi dariya, ya ce da yaranta ya san shi, amma jikokinsa ko sunan ba su taɓa ji ba.

To, ga wanda bai sani ba, kwantarafi ɗan'uwan barewa ne. Ya kan wuni kwance cikin doguwar ciyawar bakin rafi, daga nan ya sami suna, in an firgita shi sai ya yi fito ya zura. Shi da gauraka makwancinsu ɗaya, gama ita ma cikin ciyawar fadama ta ke ƙwai da damina. In ciyawar nan ta tafi, sun tafi.

Mutane su kan ɗora laifin duka a kan fari na 1973 da na 1984. Gaskiya fari ya yi ɓarna, amma ni a ganina hannunmu ya fi. Mun nome fadama har bakin ruwa, da rani kuma 'yan farauta su cinna wa saura wuta, su saki karnuka, ba mai ciki ba mai goyo. Gauraka kuwa sai a kama ta a kai gidajen masu hali don ado. Ba na zargin mai lambu, ni ma albasarsa na ke ci.

Doka fa akwai ta, tun ta 1916, ga kuma ta Jihar Arewa ta 1963. Mutanen Bauchi suka keɓe Yankari a 1956, shi ya sa har yanzu a ke zuwa kallon giwa da gwanki can.

Roƙona ga hakimai da dagatai na Kusada da Kankiya, Allah ya ja zamaninsu, su sa a bar 'yar ciyawa a bakin kowane tafki, kada a nome, kada a ƙone, a kuma hana kama gauraka. Malaman makaranta su tambayi tsofaffi sunayen namun da a ke gani dā, su aiko wa Edita mu karanta.

Wassalam. Ni ne naku,
Akawu, Yashe.