A Fara Da Kunne Kafin Alli

Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa a wata makarantar firamare, wadda dattawa har yanzu su ke kira elementare, aka ba ni aji huɗu. Ran da na fara karɓar littattafan insha'i na yaran nan, sai na ga wani ya cika shafi guda yana ba da labarin zuwansa kasuwa, babu aya ko ɗaya. Sai muka tafi sai muka ga raƙumi sai ya tashi sai muka gudu, haka har ƙasan takarda. Na ɗauki jan alƙalami na bi ina ɗiga masa ayoyi. Da mako ya kewayo ya kawo wani shafin kamar na farko. Daga nan na gane jan alƙalami ba ya koyar da kowa kome.

Ya 'yan'uwa ɗalibai, ra'ayina shi ne mun juya al'amarin nan baibai. Mu kan rubuta doka a allo, yara su haddace, alhali kuwa abin da dokar ke bayani yana cikin bakinsu tun kafin su zo mana. Yaro ɗan shekara tara ya kan ce, "Da suka zo, sai muka ci tuwo." Wa ya koya masa ya ce "suka" a nan, ya bar "sun"? Ba kowa. Har ya san in ya ce "da sun zo" magana ta sake, ta zama ba su zo ba tukuna. Ashe sarƙaƙƙiyar jimla ba baƙuwarsa ba ce. Abin da bai iya ba shi ne sauke ta a takarda.

Tsayawa ma ya san ta. Duk wanda ya zauna gaban malamin allo ya tuna yadda a kan tsai da shi in ya zarce wurin tsayawa, ko ya yanke numfashi inda ma'ana ba ta cika ba. Kalmomin nan biyu da mu ke amfani da su a boko, watau aya da waƙafi, daga can muka aro su. Me zai sa mu gabatar da su ga yaro kamar kayan da aka sauke daga jirgi jiya?

Akwai kuma wani dalili da ya sa Bahaushe ya fi Bature bukatar alamomin nan. Rubutunmu na boko, wanda Ɗan Hausa ya soma koyarwa a makarantarsa ta Nasarawa, Kano, a 1909, ba ya nuna hawa da saukar murya, ba ya kuwa nuna tsawon wasali. Dubi wannan: "Kada ka bari Audu ya tafi." Ga ta kuma: "Kada ka bari, Audu ya tafi." A baki ba mai rikita su, gama "ya" ta farko gajeriya ce, ta biyu doguwa. A takarda kuwa ɗan waƙafin nan kaɗai ya raba umurnin a tsare Audu da labarin ya riga ya wuce. Haka "Inna ta warke." da "Inna ta warke?" Ka ƙaddara ɗan'uwa na can Ikko ya sami wasiƙa, ya ɗauki tambaya a kan albishir.

Ga abin da na gwada. Na kan karanta musu 'yan layuka daga Magana Jari Ce na Malam Abubakar Imam, in ce su buga tebur sau ɗaya inda na ɗan tsagaita, sau biyu inda murya ta sauka. Ajin ya kan cika da hayaniya, har malamin aji na kusa ya taɓa leƙowa. Bayan haka in rubuta gajerun jimloli biyu a allo: "Ruwa ya sauka. Mun shuka gero." In ba su kalma guda su ɗaure su da ita, yau "da", gobe "in", jibi "ko da ya ke". Kowa ya faɗi tasa da baki tukuna, mu ji inda ya numfasa, sa'an nan ya zo ya ɗauki alli. Sai sun yi haka sau da yawa na ke gaya musu dokar, cewa in sashen da ba ya tsayuwa da kansa ya zo a gaba, waƙafi na binsa.

Wani abokina ya ce wannan ɓata lokaci ne, a bari sai darasin Turanci, can za su koya. Ban yarda ba. Yaron da ke kokawa da baƙin kalmomi ba shi da sauran hankalin da zai lura da inda numfashi ke tsayawa. Inda na bi shi guda ne: ruwa biyu da waƙafi mai ruwa su jira manyan azuzuwa. Aya, waƙafi, alamar tambaya, da alamun buɗe magana da rufe ta sun ishi ɗan aji huɗu.

Mai labarin raƙumi bai rabu da "sai" ɗinsa ba har na bar makarantar, ni ma ban so ya rabu da ita duka ba, don da ita Hausa ke tafiyar da labari. Amma a shafinsa na ƙarshe na ƙirga ayoyi bakwai, biyar suna wurinsu.