Ramukan Ƙofar Dumi: Ruwa Ke Haƙa Su

Kowace shekara in watan Agusta ya kama, damina ta yi ƙarfi a Bauci, sai hanyoyin unguwannin tsohon gari irin su Ƙofar Dumi su sake kama. Jan ruwa ya rufe kwalta, ba mai iya bambanta inda ke lafiya da inda rami ya buɗe baki. Mai babur ya riƙa laluben hanya da ƙafa, mai keke Napep kuwa ya bi sawun wanda ya riga shi. Wanda tsautsayi ya faɗa wa shi zai biya makaniki, in abin ya zo da ƙarar kwana har da mai ɗori.

Mutane kan ɗora laifin a kan rashin ingancin kwalta. Akwai wannan, amma asalin ɓarnar daga ruwa take. Kwalta fata ce kawai, ƙarfin hanya yana ga marmara da tsakuwar da aka daddanne a ƙarƙashinta. In leda da shara da yashi suka toshe lambatu, ruwa ba shi da mafita sai kan titi. Can zai kwanta, ya sami 'yar tsaga ya shige, ya jiƙa marmarar har ta yi laushi. Tayar mota ta bi ta kai sau ɗari, sau dubu, kwaltar ta dare. Ramin da farantin tuwo zai rufe a watan Yuni, kafin Satumba ya isa ya haɗiye tayar tifa.

To, me hukuma kan yi? Galibi sai kuka ya yi yawa sannan a turo tifa guda ta juye marmara a cikin ramin, ruwa na kwance, leburori su baje da shebur su tafi. Ruwan dare ɗaya ya isa ya kwashe ta, kuma ba ko'ina zai kai ta ba sai cikin lambatun nan da tun farko toshewarsa ta jawo ramin. Watau an kashe kuɗin jama'a an ƙara wa cutar ƙarfi. Samarin unguwa da ke zuba ɓaraguzan gini suna karɓar na goro a hannun direbobi, su ma aikinsu bai wuce kwana biyu, sai dai su ba su ci kasafin kowa ba. Gyaran gaskiya sai an yanke bakin ramin, an kwashe ruɓaɓɓiyar ƙasa, wurin ya bushe, an zuba tsakuwa an danne, kana a sa kwalta. Wannan kuwa aikin rani ne, ba a fafe gora ranar tafiya.

Game da wanda alhakin ke wuyansa, doka ba ta bar shakka ba. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Bauci, aikin da En'e ke yi a da ya koma hannun majalisun ƙananan hukumomi. Tsarin mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya lissafta gina hanyoyi da titunan gari da magudanan ruwa da kula da su a cikin ayyukansu. Manyan hanyoyin Gwamnatin Tarayya suna da hukumarsu, FERMA, wadda aka kafa a 2002. Amma a babban birnin jiha abin kan rikice, domin Ma'aikatar Ayyuka na nan, hukumar tsabtace muhalli ta BASEPA na nan, ga kuma Ƙaramar Hukumar Bauci. Mai unguwa in ya tashi kai kuka, sai ya rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Shugabannin ƙananan hukumomi sun daɗe da uzuri guda, cewa kuɗinsu na bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, ba su ganin sai abin da aka sako musu. Uzurin yana da ƙamshin gaskiya. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye, guda 20 daga cikinsu na Jihar Bauci ne, ko da yake an shiga 2025 ana ta jayayya a kan yadda za a aiwatar.

Sai dai yashe lambatu bai jiran Abuja. Leburori ne da shebur da baro da tifar kwashe abin da aka tono, don kada a tara shi a bakin titi ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Kansilan da ke wakiltar Ƙofar Dumi ya kamata ya zaga da mai unguwa tun watan Maris, su rubuta kowane kwalbati da ya toshe da kowace tsaga da ta bayyana, ya kai gaban majalisa, a liƙa takardar a ƙofar sakatariya tare da ranar da za a fara aiki. Mazauna unguwar da ke jiran hadari ya haɗo su juye shara a lambatu, su ma a sa sunayensu a takardar duba-gari.