A Bar Rana Ta Yi Hukunci

Masu sassaƙa alƙalami a Amurka da Ingila sukan zuba ruwan roba mai daskarewa a kan fure ko gashin tsuntsu, abin ya fito garau kamar ƙanƙara. Sai dai robar epoxy, in rana ta daɗe tana dukanta, komawa take ruwan ɗorawa, zafi kuma yana ƙara mata sauri. Maganin da kamfanoni ke sa mata jinkirta abin kawai yake yi. Shi ya sa nake tare da masu gwadawa da kansu: a zuba guda biyu, ɗaya a bakin taga, ɗaya a akwati mai duhu, bayan watanni a jera su kan farar takarda. Wanda bai gwada ba, kada ya yi wa mai saye alkawarin ba za ta canza ba.