Shawara ga manoma da makiyaya: Ba a fafe gora ranar tafiya

Bazara ta yi nisa, damina ta ƙarato. A Bader Gula da sauran garuruwan Dakoro, kowa ya san yadda hadarin farkon damina yake zuwa. Gabas ta yi ja, ƙura ta tashi kamar bango, iska ta biyo baya, sannan ruwa. Wani lokaci irin wannan hadari yakan wuce yamma har ya kai teku, can ya girma ya zama babbar guguwar da ke rushe gidaje a Amurka. Nijar tana nesa da teku, waccan guguwa ba ta zuwa nan. Amma hadarin gida ma ya isa ya yi ɓarna.

A daminar 2024 ruwa ya kashe mutum fiye da 300 a Nijar, ya shafi fiye da mutum miliyan 1. Jihar Maradi tana cikin waɗanda suka fi shan wahala. Mutane da yawa ɗakinsu ne ya faɗa musu. Saboda haka aikin tsare gida tun yanzu ake yin sa. In gabas ta yi duhu, lokacin gyara ya wuce.

Aikin farko shi ne ɗaki. Mai gida ya zagaya ya duba kowane bango. Inda ya tsage a yi yaɓe. A tara ƙasa a gindin bango don kada ruwa ya kwanta ya ci shi ta ƙasa. A share indararo, a buɗe hanyar da ruwa zai fita daga tsakar gida. Ɗakin ciyawa a sake ɗaure jinkarsa da sabuwar igiya. Ɗakin kwano a ƙara ƙusa, a ɗaure itacen rufi da waya. Kwanon da iska ta ɗauka yana yanka kamar takobi. Ɗakin da ya riga ya karkace kada kowa ya kwana cikinsa daren ruwa, balle yara da tsofaffi.

Na biyu shi ne rumbu. Hatsin da ya rage shi zai kai iyali kaka. A duba duwatsun da rumbu ke zaune a kai, a gyara murfinsa. Irin shuka a sa shi wuri mai tudu cikin ɗaki. Takardun haihuwa, katin asibiti da takardar gona a naɗe su cikin leda, a sa a akwati. Tocila, ashana da tulun ruwan sha mai murfi su kasance inda hannu zai kai cikin duhu.

Na uku shi ne bisashe. A ƙarshen rani dabba ta rame, ruwan farko mai sanyi yana iya kayar da ita. Makiyayan arewacin Dakoro ba su manta da shekarar 2010 ba, lokacin da yunwa ta raunana shanu, ruwa kuma ya zo ya ƙarasa da yawa. Raunanan dabbobi da ƴan maruƙa a ba su dusa, a yi musu kariya daga iska. Kada a kafa turke ko a sauka da iyali cikin kwari, ko da ƙasa ta bushe ƙayau. Ruwan da aka yi a nesa yana iya gangarowa da dare, alhali nan ko ɗigo bai sauka ba.

In rediyo ya ba da labarin hadari, wanda ya ji ya faɗa wa maƙwabci. Da an ga alama, uwar gida ta kashe wutar murhu, don iska tana kai garwashi ga danni. A kira yara gida, a ƙirga su.

Wanda hadari ya tarar a daji kada ya fake ƙarƙashin itace, musamman wanda ya tsaya shi kaɗai. Tsawa ta fi sauka kan abin da ya fi tsawo. Shanun da suka taru gindin itace ɗaya suna iya mutuwa gaba ɗaya. A ajiye hauya da gatari, a nisanci tabki, a sauka daga tudu. In tsawa ta sami mutum, wasu sukan ji tsoron taɓa shi. Babu wutar da ke saura a jikinsa. A taimake shi nan take, a kai shi asibiti.

Bayan hadari a bar bangon da ya jiƙe ya bushe kafin a koma ciki. Rijiyar da ƙazamin ruwa ya shiga, a tafasa ruwanta kafin a sha. A ɗaura wa yara sange, don sauro yana biyo ruwa.

Akwai gidan da ba shi da mai ƙarfi, sai tsohuwa da jikoki. Mai gari ya tara samari su yi gayya su gyara mata ɗaki kafin shuka ta ɗauke hankalin kowa. Allah ya ba da damina mai albarka.