Kafin A Buɗe Asusun Na'urar Nutso, Ku Saurare Ni

Na gode wa admin da ya ba ni filin wannan makon, duk da na san abin da zan faɗa ba zai yi wa wasu daɗi ba.

Tun ranar Talata ake ta yawo da bidiyon nan a zauren nan: Bature ya goya wata na'ura, ya shige ƙarƙashin ruwa, ya yi sa'o'i, ko kumfa ɗaya bai taso ba. Nan take wani ɗan uwa ya kawo shawarar 'yan Gwarzo da Kabo na gida da na waje su tara kuɗi a sayo irinta, a ba masu nutsonmu na dam ɗin Guzuguzu da na Pada. Kafin isha'i har an fara gardamar ta Ingila za a saya ko ta Denmak. Niyyar ba ta da aibi, duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin dam ana neman gawar yaro ya san abin da ya motsa shi. Amma ni ko sisi ba zan sa ba, kuma ina roƙon ku ma kada ku sa.

Mu fara da sanin abin da ake so a saya. Kayan nutso iri biyu ne. Akwai tukunyar iska ta gama-gari: ka shaƙa daga tukunya, ka hurar cikin ruwa, kumfa ya tashi. In iskar ta kusa ƙarewa, agogon tukunyar zai nuna maka, ka fito. Ita kuwa ta bidiyon, na'urar maimaita numfashi ce. Iskar da ka hurar ba ta fita, tana zagayawa ne ta cikin wani garin sinadari da ke tsotse gurɓatacciyar iskar da jiki ya fitar, sannan na'urar ta ƙara oksijin kaɗan, ta dawo maka da ita ka sake shaƙa. Dabarar ta daɗe, tun 1878 wani Baturen Ingila mai suna Henry Fleuss ya ƙera irinta. Sojojin ruwa na son ta don ba ta tona asirinsu da kumfa, masu shiga kogunan ƙarƙashin dutse na son ta don tana daɗewa. To mu a Guzuguzu wa muke ɓuya wa?

Ga inda matsalar take. Tukunyar gama-gari in ta samu matsala, yawanci ka sani nan take. Wannan kuwa tana iya lalacewa kana ta numfashinka lafiya lau. In oksijin ya yi ƙasa, ba wani ciwo, ba wani gargaɗi, suma kawai za ka yi. In ya yi yawa a cikin zurfi, sai jiki ya kama jijjiga kamar mai farfaɗiya, abin baki ya suɓuce, ruwa ya shiga. In garin sinadarin ya gaji ko ba a danna shi daidai ba, gurɓatacciyar iska ta taru, kai ya ruɗe, mutum ya kasa yin abin da ya san ya kamata ya yi. Shi ya sa mai amfani da ita ba ya ɗauke ido daga ma'aunin da ke ɗaure a hannunsa. Yanzu ku tuno ruwan dam ɗinmu a watan Agusta, ja wur da laka, ka miƙa hannu ba ka ganin yatsunka, ga tsofaffin kututture, ga ragowar taru da mamari a ƙasa. Da wane ido zai karanta ma'aunin?

Kada a ce ƙirƙira nake. A watan Janairun 2005, wani matuƙin jirgin sama ɗan Ostareliya, Dave Shaw, wanda ke cikin gwanayen nutso na duniya, ya shiga wani rami mai ruwa a Afirka ta Kudu da ake kira Bushman's Hole, zurfin kusan mita 270, don ya ɗauko gawar wani saurayi, Deon Dreyer, da ta yi shekara goma a can. Da irin wannan na'ura ya shiga, ga tawagar ƙwararru na jiran sa a hanya, an yi watanni ana shiri. Igiya ta sarƙe shi, ya yi ta fama, numfashi ya yi nauyi, gurɓatacciyar iska ta taru, bai fito da rai ba. Wanda ya je ɗauko gawa, gawa biyu aka fitar. Haka kuma wani likita mai suna Andrew Fock ya bibiyi mutuwar mutum 181 da suka rasu da wannan na'ura tsakanin 1998 da 2010, ya kiyasta cewa haɗarinta ya ninka na tukunyar gama-gari kusan sau goma. Waɗannan fa mutane ne masu horo, masu kuɗi, masu asibitin nutso a kusa. Mu kuma muna so mu goya wa bawan Allah da ya gaji iyo a gidansu, mu ce Allah ya kiyaye hanya.

Sai kuɗi. Sabuwa mai kyau tana kai dala 10,000, wani lokaci ta wuce. Kuma sayen ba shi ne ƙarshe ba. Garin sinadarin bayan kamar awa uku na aiki sai a zubar a sa sabo. Ƙwayoyin da ke auna oksijin kusan duk shekara ake canza su, ko an shiga ruwa ko ba a shiga ba. Ana buƙatar oksijin mai tsabta, wanda a asibitocinmu ma mun san yadda ake fama kafin a samu na majinyaci. Horon kuma ba na mako guda ba ne, kuma ba a fara koyon nutso da ita. Mun ga yadda kayan da suka fi ta sauƙi suka ƙare: a yi biki, a ɗauki hoto, a kulle a sito, bayan shekara biyu ɓera ya cinye robar.

Amma duk wannan ba shi ne babban dalilina ba. Babban dalilina shi ne lokaci. Wanda ruwa ya shanye, cikin minti huɗu zuwa shida ƙwaƙwalwarsa ta fara lalacewa. Kafin a kira mai makullin sito, a haɗa na'ura, a gwada ta kamar yadda ƙa'ida ta ce, a hau babur zuwa bakin ruwa, an yi awa guda. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, wannan ba kayan ceto ba ne, kayan ɗauko gawa ne. Ɗauko gawa hakki ne, ban raina ba, amma masuntanmu sun daɗe suna yi da kwale-kwale da ƙugiya da sanin inda ruwa ke kai abu, kuma ba ya buƙatar a jefa rai na biyu cikin haɗari.

Ku tuna Bagwai, maƙwabtanmu ne. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgin fito ya taso daga Badau ya kife a dam ɗin Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. Allah ya jiƙansu. An ɗora wa jirgin fiye da ƙarfinsa. A ce a ranar akwai wannan na'ura har guda goma a ajiye a sakatariya, yaro nawa za ta ceta? A ce kuma kowane yaro yana sanye da rigar ceto, yaro nawa zai nutse? Ko da a ce riga ɗaya dala 20 ce, kuɗin na'ura guda riga 500 ke nan.

Wani ya rubuta cewa masu adawa sun raina Bahaushe ne, wai suna ganin ba zai iya abin da Bature ya iya ba. Malam, wannan maganar ba ta kama ni ba. Mutumin da ke nutsawa da numfashi ɗaya ya ciro abin da ya faɗa a ruwa mai duhu, babu abin da ba zai koya ba. Raini shi ne ka zauna a Abuja ko Jidda ka zaɓa masa kayan aiki daga bidiyo, ba ka taɓa tambayarsa me yake buƙata ba. A cikin duk masu gardamar Ingila da Denmak, waye ya je ya gaida Sarkin Ruwa ya ji ta bakinsa?

In an dage sai an tara kuɗi, ga inda nake ganin ya dace su tafi. Rigunan ceto, har da ƙanana na yara, a hannun masu fito, da sharaɗin ba a hawa sai da su. Igiya da abin jefawa mai yawo a kan ruwa a duk mashigar da yara ke wanka. A nemi 'yan kwana-kwana ko Red Cross su koya wa matasan bakin ruwa yadda ake danna ƙirji da hura numfashi ga wanda aka tsamo, don har yau wasu kife shi suke yi suna matsa ciki. Kada kuma a manta da masu yasar rijiya, waɗanda gurɓatacciyar iska ke kashewa, musamman in an kunna injin jan ruwa a ciki ko a bakin rijiyar. Wanda ya shiga ceto ba igiya a ƙugu shi ma ya bi. Injin hura iska da igiya mai ƙwari sun ishe su. In daga baya an samu mutum biyu ko uku da suka yi horo na gaske, a yi maganar tukunyar gama-gari, ana riƙe da igiyarsu daga sama. Ita ma da sharaɗi: ba a cika ta da injin mai faci, hayaƙi da man da ke cikinsa guba ne a huhu.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan je Guzuguzu in zauna da masunta in rubuto abin da suka ce da bakinsu. Akwai wurin mutum uku a motata, kuma ina so ɗaya ya zama wanda ya kawo shawarar asusun.