Kukan Ɗalibai A Bakin Ɗakin Jarrabawar Kemistiri

Kowace shekara, idan bazara ta ja baya damina ta kawo kai, 'yan ajin ƙarshe na makarantun sakandare sukan zauna jarrabawar fita, wadda Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, take shiryawa. An kafa hukumar nan a shekarar 1952, sa'an nan a 1999 Nijeriya ta kafa tata ta gida, watau NECO. A cikin fannonin da akan jarraba yara, ba kasafai ake samun wanda ke ta da hankalinsu kamar ilmin sinadarai ba, wanda 'yan boko ke kira kemistiri. Duk mai rumfa kusa da makaranta ya san yadda sukan fito ranar: wani na murmushi, wani ya yi zugum ya rasa ta cewa, wata kuma na share hawaye da gefen mayafi.

Idan aka kasa kunne, za a ji maganganunsu sun kasu uku. Kashi na farko masu hamdala ne, suna cewa abin da suka karanta shi ya fito. Kashi na biyu suna rantsuwa cewa an tambaye su abin da ba a taɓa koya musu ba. Kashi na uku kuwa ba su iya faɗin nasu a fili, domin sun ba da kuɗi an sayar musu da amsa ta wayar hannu, da aka buɗe takarda sai suka tarar ba ita ce ba. Wajibi ne iyaye su bambanta tsakanin waɗannan, gama ba magani ɗaya ke warkar da su ba.

Kafin a yanke wa kowa hukunci, ya kamata mai karatu ya san yadda jarrabawar take. Takarda uku ce. Ta farko tambayoyi 50 ne, yaro ya zaɓi amsa, cikin sa'a guda. Ta biyu ta dogon bayani ce da lissafi. Ta uku ita ce ta aikin hannu, kuma a nan ne yawancin kukan yake fitowa. Akan ba yaro ruwan asid a cikin wani dogon bututun gilashi mai layukan awo da 'yar makunna a gindi, a ba shi kishiyarsa, watau ruwa mai ɗabi'ar kanwa, ya auna ya zuba a kwalba, ya ɗiga masa wani maganin launi. Daga nan sai ya riƙa sakin asid ɗin kaɗan kaɗan yana girgizawa, har lokacin da ɗigo guda zai juya launin ruwan. Nan take zai tsaya ya karanta awo ya rubuta, ya sake yi sau biyu ko uku har awon ya dace da juna. Bayan haka akan ba shi wani gari da ba a faɗa masa sunansa ba, ya narka, ya ɗiga masa magunguna, ya rubuta abin da idonsa ya gani: idan abu shuɗi ya kwanta, alamar tagulla ce, idan mai launin tsatsa ne, alamar baƙin ƙarfe ce.

To, yaya za a yi da yaron da ya shekara uku a ajin kimiyya bai taɓa riƙe bututun nan ba sai ranar jarrabawa? An zana masa hotonsa a allo, ya kwafa, ya haddace sunansa, amma hannunsa bai san nauyin makunnar ba. Zai buɗe ta da ƙarfi, ruwa ya kwarara, launi ya wuce, lissafin da ke biye duk ya rushe. Irin wannan yaro idan ya ce ba a koya masa ba, gaskiya ya faɗa, kuma laifin yana wuyan manya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Makarantar da ke kulle kayan gwaji a kabad, ko wadda ba ta da su sam sai ta aro ana gobe jarrabawa, ita ce ta kayar da yaro tun bai shiga ɗaki ba.

Malaman allo sun fi kowa sanin darajar hadda, kuma sun fi kowa sanin iyakarta. Almajiri yakan haddace, domin lafazi abin tsarewa ne, amma mafitar haruffa sai ya gurfana gaban malami ya ji daga baki, ya maimaita, a gyara masa. Haka wanda ya karanta babin gado bai zama masani ba sai ya raba dukiya an ga rabon ya fita daidai. Ilmin sinadarai ma haka yake, rabinsa a ka, rabinsa a hannu.

Kada kuma a ɗauka baƙon ilmi ne da ya sauka tare da Turawa. Kalmar kimiyya ita kanta daga Larabci take, kuma daga asali ɗaya sunan kemistiri ya fito. Jabir bin Hayyan, wanda ya zauna a Kufa a zamanin Abbasiyawa, ana lissafa shi cikin magabatan fannin. Abubakar ar-Razi, likitan nan da ya rasu wajen shekarar 925 Miladiyya, ya tsara littafinsa Kitabul Asrar kashi uku: sanin sinadarai, sanin kayan aiki, da sanin hanyoyin gwaji. Ke nan tun fiye da shekara dubu masana ba su raba karatun da kayan aikinsa ba. Hatta sunan da Turawa ke kiran kishiyar asid da shi, daga kalmar Larabci ta tokar itace suka samo shi.

A gidajen Hausa kuwa kullum ana aikata wannan ilmi ba tare da an kira sunansa ba. Uwargida da ta jefa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami, abin da yaro ke yi da bututun gilashi shi ta yi, sai dai ita da harshe take awo, shi kuwa da layuka. Marinan Ƙofar Mata a Kano sun san baba ba ya kama zane sai an haɗa shi da toka an bar shi ya nuna, kuma zanen yakan fito kore kore, sai ya sha iska ya koma shuɗi. Majema sun san aikin bagaruwa a jikin fata, masu sabulun salo sun san abin da ruwan toka ke yi wa mai. Da malamin aji zai jiƙa zoborodo ya ɗiga masa ruwan kanwa yara su ga ja ya juye, da ya buɗe musu ƙofar fahimta da abin da bai kai kuɗin goro ba.

Wani zai ce, ina ruwan ɗan kasuwa da wannan? Amsa tana Zamfara. A shekarar 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙasar Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Bagega da 'Yargalma, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, alhali dutsen cike yake da dalma. Ƙurarta ta shiga ƙasa da abinci da jinin ƙanana, yara fiye da 400 suka rasu. Gwajin jini da na ƙasa ne ya tona asirin gubar, watau irin aikin da ake fara koya a wancan ɗaki. Likita da mai haɗa magani da mai binciken taki da ruwan sha, duk ta ƙofar kemistiri suke shiga jami'a, kuma sai da sakamako daga A1 zuwa C6.

Wannan shi ya sa sayen amsa ya zama babbar musiba. Wanda ya ci jarrabawar awo da sata, gobe shi zai auna wa jariri magani. Ɗan kasuwa ya san hukuncin tauye mudu da algus, to wannan ɗan'uwansu ne, kuma uban da ya biya kuɗin yana da kaso a cikin alhakin. Cutar ba ta tsaya ga mai yi ba: a watan Mayu na 2025 an jinkirta takardar Turanci ta WAEC saboda tsoron fitar tambayoyi, har yara a wurare da dama suka rubuta cikin dare da hasken tocila, wanda ya ji da wanda bai ji ba.

Saboda haka ga abin da ya kamata. Uba kafin ya biya kuɗin makaranta, ya nemi a nuna masa ɗakin gwaji, ya tambayi ɗansa sau nawa ya taɓa kayan da hannunsa, domin gani ya kori ji. Attajiran unguwa da ke gina rijiya don neman lada, su tuna akwatin kwalaben gwaji ma abin wakafi ne, aji bayan aji zai amfana. Malamai kuma su sa maganar satar amsa cikin wa'azinsu yadda suke sa ta ha'inci a ciniki.

Yaron da ya fito yana kuka kuwa, kada a tare shi da gori. A bar shi ya huce, sa'an nan a bincika daga ina aka samu giɓi. Idan sakaci ne nasa, a yi masa faɗa, idan kuwa rashin kayan aiki ne, a nema masa inda zai koya. Jarrabawar NECO tana biye da ta WAEC, akwai kuma ta masu zaman kansu da akan yi daga baya, saboda haka faɗuwa ɗaya ba ta rufe hanya. Allah ya ba yara ilmi mai amfani, ya ba manya ikon sauke nauyin da ke kansu, amin.