Wasiƙa Zuwa Ga Masu Haɗa 'Yar Tsana a Ƙauyukan Arewacin Kano

Ya ku iyayena da yayyena da ƙannena na Bichi da Ɗambatta da Minjibir da Dawakin Tofa, ku da hannunku bai manta yadda ake naɗe ƙashi ko karan dawa da ƙyalle ya zama 'yar tsana ba.

Na san kukanku. 'Yar roba ta ƙasar Sin ta cika kasuwa, ga gashi, ga ido mai ƙiftawa, ga arha. Yarinyar da ta gan ta ba ta ƙara waiwayar ta kara. To ku bar mata yaran, ku nemi manya.

A Turai da Amurka akwai masu wannan sana'a da ba ruwansu da wasan yara. Tasu 'yar tsanar ta ajiya ce a falo, kuma da gangan suke sa ta ta yi duhu: baƙaƙen kaya, fuska ba walwala, irin shigar makoki ta zamanin Sarauniya Biktoriya ta Ingila, wadda ta sa baƙi tun mutuwar mijinta a 1861 har tata mutuwar a 1901. Guda-guda suke yi, babu biyu iri ɗaya, kuma labarin da ke bayanta shi ke jawo mai saye. Ba sai kun ari makokinsu ba, muna da namu.

Ku dubi mai takaba. Wata huɗu da kwana goma ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba ɗan kunne. Wace ce a cikinku ba ta zauna kusa da irin wannan mace ba? Ku yi ta a zaune, kanta a sunkuye, lulluɓe da saƙi mai duhun baba, carbi a hannu. Duk Bahaushen da ya gani zai yi shiru. Ku yi macen zamanin Kakalaba, yunwar da ta ci ƙasar nan a 1913 zuwa 1914, da goyo a baya da ƙwarya wayam a ka. Ƙasarmu ce, inda gona ke manne da gona, inda damina ɗaya in ta ƙi, rumbu dubu ke amsa kuwwa. Kakata ba ta taɓa ambaton wannan yunwa da murya sama ba, kuma a wurinta na fara ganin 'yar tsanar ƙashi.

Masu son dawaki, ga mahayin lifidi. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Kanajeji ne ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Ana iya yin barden da ya dawo daga fagen fama, lifidinsa a yage, auduga ta leƙo. Ana iya yin dogarin Sarki Alu, sarkin da Turawa suka ci Kano a zamaninsa a 1903, suka kai shi Lakwaja. Tunda UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya a 2024, masu neman irin wannan tsaraba za su ƙaru. Amma ku je Gidan Makama ku ga kayan da idonku kafin ku sa allura. Rawanin dogari daban, na hakimi daban, kuma mai kuɗin da zai saya ya san bambancin.

Kada ku sa leshi ko yadin roba. Ku nemi ragowar saƙi wurin masaƙan Minjibir, da guntun jar fata wurin dukawa, da wuri da tsakiya a Kasuwar Kurmi. Ƙashi a dafa shi sosai ɓargon ya fita, a shanya har ya bushe ƙarau, in ba haka ba zai yi wari a ɗakin mutane. Kara kuwa gara na sonsa. Shuni yana zuba, saboda haka kowace a naɗe ta daban.

Batun fuska, ku bar ta a shafe. Na san an ruwaito Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana, amma wannan ta manya ce, kuma ba na so a ce muku masu sassaƙa gunki. Sunkuyar da kai da faɗuwar mayafi sun isa su nuna baƙin ciki. Ku tuntuɓi malaminku tun kafin ku fara, ku kuma nisanci yin siffar Tsumburbura, abin bautar Kanawan dā, da ta iskokin bori, ko da wani ya zo da kuɗi a hannu.

Sai ciniki, inda aka fi cutarku. Na ga dillalin da ya kwashi aikin wata dattijuwa a kuɗin goro, ya kai birni ya ninka, ko sunan garinta bai ambata ba. Ku ƙirga kwanakin da kuka yi a kan kowace, ku haɗa da kuɗin kaya, sannan ku yanka farashi. Ku ɗaura mata 'yar takarda mai ɗauke da sunan garinku da shekarar da aka yi ta da labarinta cikin layi uku, da boko ko da ajami. 'Yarku mai waya ta ɗauki hoto da hantsi a jikin katangar ƙasa, ta sa a WhatsApp da Instagram. Kuma kada kaya su hau mota a tasha sai kuɗi sun shigo.

Wassalam, 'yar uwarku.